Muryar da Aka Ɗora wa Shatu

Daudu na tsakiyar sa wa wani ɗan Caina magana a baki aka ɗaga labulen shagon. A allon kwamfuta mutumin ya yi tsalle ya dira kan rufin gida da takobi a hannu, shi kuwa Daudu ya manna leɓe da makirfo yana cewa, "Kai yaro, yau ko ni ko kai, tun da ka cinye mini ɗumamen da na ajiye." Abin da ɗan Cainan ya faɗa da yarensu, sai shi da uwar da ta haife shi suka sani. Daudu ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Sinanci, Indiyancinsa ma bai wuce na gaisuwa ba, amma daga Kazaure har Babura da ƙauyukan bakin iyaka, in aka ce fassarar fim sunansa ake fara kira. Masu tura finafinai a waya layi suke yi a ƙofarsa. Shi a wurinsa aikin ba wani asiri ba ne. Ka dubi fuskar mutum, ka dubi abin da hannunsa ke yi, ka ba shi maganar da 'yan kallo ke son ji.

Wadda ta shigo mace ce matashiya, da goyo a baya, takalminta duk laka. Ta yi sallama a taƙaice, irin wadda ake yi don dai kar a ce ba a yi ba.

"Kai ne Daudu mai fassara?"

"Ni ne. In fim kike so a sa miki, shagon gaba za ki je."

"Ba fim nake so ba. Sunana Ikilima, daga Roni nake. Ni 'yar Shatu ce."

"Wace Shatun?"

"Shatun da ka ce mayya ce."

Sai da ya cire abin jin sauti daga kunne, sannan abin ya faɗo masa. Tun farkon damina wani mai turi ya kawo masa wani fim a memori, ya ce a intanet ya tsinto shi, wai ɗan ƙasar nan ne ya yi. Daudu ya kunna ya zauna yana jiran fim ya fara, har aka kai rabi bai fara ba. Ba kala, baƙi da fari ne kamar hoton kakanni. Ba waƙa, ba faɗa, ba soyayya, kai ko sallama babu wanda ya yi wa wani. Wata tsohuwa ce ke daka a turmin da ba komai a ciki, kuma maimakon ƙarar taɓarya sai numfashin mutum ake ji. Akuya na hawa dutse da baya da baya. Wani ƙato ya kifa ƙwarya a ka yana tsaye a tsakiyar gona, ƙudaje na bin yatsunsa. A buɗe ƙofar ɗaki, sai ga rijiya. Can kuma aka haska bangon ƙasa aka bar shi, har Daudu ya tashi ya duba ko kwamfutar ce ta maƙale. Daga ƙarshe tsohuwar ta durƙusa a kan wata yarinya da ke barci a tabarma, ta sa ƙwarya ta kwashe inuwarta daga ƙasa, ta kafa kai ta shanye.

Tsakin da ya ja a ranar, mai shayin da ke waje sai da ya leƙo. Ko mahaukacin tasha aka ba kyamara, in ji Daudu, zai kawo abin da ya fi wannan. Amma shi ba ya mayar da aiki, kuma fim ɗin da ba a magana a cikinsa ya fi kowanne daɗin fassara, don babu bakin da zai ƙaryata ka. Nan take ya ɗinka masa labari. Tsohuwa ta zama mayya, akuya ta zama kurwar wani ɗan acaɓa, ƙaton mai ƙwarya ya zama mijinta da ta shanye. Ya yi mata wata siririyar murya mai karkarwa da dariya ta cikin hanci. Ɗabi'arsa ce kuma ya leƙa rubutun ƙarshen fim ya ɗauko sunan da bakinsa zai iya, don abin ya yi kama da gaske. Da ya leƙa ya ga an rubuta Shatu Roni, sai ya ɗauka. "Ni ce Shatun Roni," haka ya sa ta ce tana shan inuwar, "naman yara ya fi na rago zaƙi." A duk shekarar babu aikinsa da ya karɓu kamar wannan, kuma ko sau ɗaya bai tsaya ya yi tunanin cewa Roni tana nan kusa, kuma akwai mutane a cikinta ba.

Ikilima ba ta zauna ba. A tsaye ta zayyana masa. Mahaifiyarta man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, shi ta riƙe su da shi tun rasuwar mahaifinsu. Tun da fim ɗin ya shiga wayoyin samarin unguwa, masu saye suka fara janyewa, mata in sun haɗu da ita a hanya sai su riƙe hannun 'ya'yansu suna "kurwata kur" a ƙasa-ƙasa. Wannan duk sun haƙura. Yanzu kuma 'yar maƙwabcinsu Halliru, Halimatussa'adiyya, wadda ko makaranta ba a sa ta ba, ta kwanta zazzaɓi, tana jijjiga tana kiran Shatu za ta shanye ta. Ita ma ta kalli fim ɗin a wayar gidansu, amma wa zai tsaya jin wannan? Halliru ya rantse ba asibitin da zai kai ta, don wanda maye ya kama in aka yi masa allura shi ke nan. Abin da yake so, Shatu ta zo ta tsallake yarinyar a gaban jama'a, kamar yadda ake sa maye ya yi in ana so ya saki kurwa.

"In ta tsallake ta amsa laifi," in ji Ikilima. "In ta ƙi, yarinyar ta mutu, sai su ce ita ta cinye ta. Mai unguwa ya ce a kawo waɗanda suka yi fim ɗin su yi bayani kafin la'asar."

"To ni na yi fim ɗin? Wanda ya ɗauki hoton za ki nema."

"Yana waje a mota. Kai muke jira."

Da a ce tausayi ne ya tayar da Daudu daga kujerar da an yaba masa. Gaskiyar magana, abin da ya fi motsa shi jin cewa muryarsa ta tayar da gari guda. Ya shafa gemu ya ɗauki hula. Bakin da ya ɗaure, ai shi zai kwance, kuma bai ga abin da zai gagare shi wajen mutanen da ke gaskata akuya mai tafiya da baya ba.

Mai motar shi ne Musaddiƙ, ɗan wan Shatu, malami a wata kwaleji. Siriri ne, da tabarau da ɗan tsinin gemu, ya naɗa wani ƙyalle a wuya a wannan zafin na damina. An ce an nuna fim ɗinsa a ƙasar Turawa har an tafa masa, kuma tun daga ranar yake duban mutanen ƙasarsu kamar wanda aka ajiye a cikinsu bisa kuskure. Ko amsa sallamar Daudu bai yi ba sai da suka bar cikin Kazaure suka kama hanyar Roni.

"Kai ne ka kashe mini fim," ya ce, idonsa na kan titi.

"A sume aka kawo mini shi, Malam. Ruwa na yayyafa masa."

"Ka san shekarun da na yi ina gina shirun nan? Shirun shi ne fim ɗin. Ka zo ka zuba masa surutun tasha."

"To ai ba a sayen shiru a garin nan. Kowa yana da shi a gida."

Musaddiƙ ya yi wani murmushi na wanda ya ji abin da ya yi tsammani. Ya ce laifin ba na Daudu ba ne, mutanenmu ne ba a koya musu kallo ba, an saba tauna musu a zuba musu a baki. Turmin nan da ba komai a ciki, ya ce, ba turmi ba ne, rayuwa ce ake ta daka ba tsaba. Rijiyar da ke cikin ɗaki kuwa ita ce abin da kowane gida ke ɓoyewa.

"Akuyar fa?" in ji Daudu.

"Tarihi ce. Tana hawa, amma baya take kallo."

"Allah Sarki, baiwar Allah. Ƙaton mai ƙwarya fa?"

"Wannan ni kaina ban gama sanin ko wane ne ba. Abin da ya sa ya fi komai ƙarfi ke nan."

Daudu ya juya kai wajen taga don kar dariyar ta fito. Gero ya yi kai, dawa ta rufe gonaki har gindin duwatsu, ga mata can suna cirar ciyawa a cikin gyaɗa. Mutum ya ci kuɗin karatu har ya ƙoshi, ya dawo ya ɗora wa ƙato ƙwarya a ka, a tambaye shi dalili ya ce bai sani ba, kuma wai shi ne mai ilimin. Shi Daudu ko ƙarya zai yi, yakan san inda ta dosa.

Daga kujerar baya Ikilima ta ce, "Yaya Musaddiƙ, in mun je don Allah ka ce musu wasa ne kawai. Ka ce kai ka ce ta yi, ruwa ne a ƙwaryar, inuwar kuma da na'ura ka goge ta."

"Ba wasa ba ne, Ikilima. Fasaha ce."

"Ko ma mece ce. Ka dai faɗa musu hakan."

"Zan yi musu bayani yadda za su gane," ya ce, ya gyara zaman tabarau.

A ƙofar gidan mai unguwa, ƙarƙashin darbejiya, jama'a ta cika. Dattawa na kan tabarmi, samari sun jingina da babura, mata na leƙe ta katanga. Mai unguwa Muhammadu Lawal, wani farin tsoho mai casbi, yana zaune a kujera da fuskar wanda yake so rigimar nan ta tashi daga ƙofarsa ta kowace hanya. A gefe guda, inda aka bar fili kamar an share, wata ƙaramar tsohuwa ce zaune ita kaɗai a kan buhu. Daudu ya gane fuskar nan take, don ya daɗe yana kallonta a allo. Abin da bai sani ba shi ne muryarta.

"Sannunku da zuwa, 'yan nan," ta ce. "Kun sha hanya."

Murya ce mai kauri, a natse, ko kusa ba ta yi kama da wadda ya yi mata ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ji ƙanshin gyaɗa soyayya a zanenta. Da ya juya ya gaida mai unguwa kuwa, sai samari suka ɗauki sowa. "Wallahi shi ne! Daudu ne! Yi mana muryar Shatu!" Ya ɗaga musu hannu su yi shiru, amma wani sanyin daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, kuma bai ji kunyar hakan ba.

Mai unguwa ya ce a yi salati, aka yi. Sannan ya ce mai fassara ya fara.

Daudu ya miƙe ya gyara murya. Magana ce sana'arsa, ya kuwa yi ta. Ya ce ranka ya daɗe, shi bai taɓa ganin baiwar Allahn nan ba sai yau. Fim ɗin ya zo masa bebe, shi ya ƙirƙiri duk abin da aka ji ta faɗa, sunanta ma a rubutun ƙarshe ya gani. Haka yake yi wa 'yan Indiya da 'yan Caina, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce an yi masa sharri. Har ya kawo misalin ɗumamen ɗan Caina, aka yi dariya. Ya zauna yana ganin ya gama aiki.

Halliru ne ya tashi, wani dogon manomi da idanu jajur na rashin barci. Bai yi dariya ba tun farko.

"Mun ji, maganar taka ce. Hoton fa? Kai ka sa ta durƙusa a kan yarinya? Kai ka ba ta ƙwaryar? Da idona na ga inuwa ta tashi daga ƙasa ta shiga bakinta. Gani ya kori ji."

"Wannan kuma sai mai hoton," in ji Daudu.

Duk ido ya koma kan Musaddiƙ. Tun da ya yi fim ɗin nan babu wanda ya taɓa tambayarsa ma'anarsa da Hausa, balle a garin ubansa, gaban jama'a mai yawa haka. Daudu ya ga yadda ƙirjinsa ya ɗan taso, ya ga ya cire tabarau ya goge ya mayar, nan take ya gane za a yi ɓarna, don ya san alamar mutumin da ya samu makirfo.

"Malam Musaddiƙ," in ji mai unguwa, "kai ɗanmu ne. Gaya mana a taƙaice. Mene ne gwaggonka take sha a ƙwaryar nan?"

"Ranka ya daɗe, tambayar ta fi amsar nauyi." Ya ɗan taka gaba. "Abin da na so in nuna, kowace al'umma tana rayuwa ne da abin da ta ƙwace wa na bayanta. Tsofaffi suna tsotse yara ba tare da sun sani ba. Gwaggo a wurin nan ba Gwaggo ba ce kawai, jiya ce take shanye gobe."

Guna-guni ya tashi. Wata mata ta bayan katanga ta ce, "Kun ji ko, da bakinsa." Ikilima ta dafe kai.

"Tsaya, ɗana," in ji mai unguwa. "Ni ban yi boko ba. A fim ɗin nan, mayya ce ko ba mayya ba ce?"

Kalma ɗaya ake nema a wurinsa, kuma ko ɗan da Ikilima ke goye da shi ya san wacce ce. Amma Musaddiƙ ya sha faɗa a gaban Turawa cewa mai fasaha ba ya rufe wa aikinsa ƙofa, kuma ba zai zo ƙarƙashin darbejiya ya tashi daga kan maganarsa ba.

"Ranka ya daɗe, ba ni da ikon hana mai kallo ganin abin da ya gani. Fim ɗin ba shi da ma'ana guda. Kowa da irin fassararsa."

"To duk tsofaffin garin nan," in ji Halliru, "me ya sa ita ka zaɓa?"

"Saboda idonta," in ji Musaddiƙ, har yana lumshe nasa. "Akwai wani abu a idon Gwaggo da ba a koya wa ɗan wasa. Tun ina ƙarami in ta kalle ni sai in ji tsigar jikina ta tashi."

Wurin ya kaure. Wani dattijo ya ce ɗan ɗan'uwanta ma ya shaida, me kuma ake jira. Ita Shatu ta ɗaga kai ta dubi yaron da ta yi wa wanka ta goya, irin duban da ake yi wa tuwon da ya kwana ya lalace.

Daudu ya ji wani haushi ya taso masa har wuya. Ya fizge waya daga hannun wani saurayi, ya nemo wurin ƙwaryar, ya kashe sautin, ya ɗaga ta sama.

"Ku matso ku ga ainihin labarin. Wancan na kasuwa ne, wannan ne na gaskiya."

Aka matso, don ba a ƙin kallon kyauta. Ya sassauta murya ya yi ta irin ta Shatu ta gaske, mai kauri, a natse. Ya mai da tsohuwar unguwar zoma. Yarinyar da ke tabarma ciwo ne ya kwantar da ita, baƙin abin da ke ƙasa ba inuwa ba ce, cutar ce ta fito. Tsohuwa ta durƙusa tana cewa, "'Yar nan, ni na ci zamanina, ke ba ki fara naki ba. Kawo ciwon in sha, ke ki tashi." Ya sa duk abin da ya iya a ciki. Bai taɓa yin fassarar da ta kai wannan kyau ba. Aka yi tsit har hoton ya ƙare.

Sai mai wayar ya karɓi abarsa ya ce, "Gaskiya ta farkon ta fi daɗi."

"Malam," in ji Halliru, "ɗazu ka ce waccan ƙarya ka shirya. Wannan kuma yanzu a gabanmu ka shirya ta. Wacce za mu ɗauka?"

Daudu ya saba a ce masa ya ƙara, bai saba a tambaye shi wacce ce gaskiya ba.

Ana cikin haka kuka ya ɓarke daga lungu. Matar Halliru ce ta fito da gudu ba ko mayafi, da yarinyar a kafaɗa. Jikin yarinyar ya sanƙare, idanu sun kakkafe, kumfa na fita ta gefen baki. Uwar ba ta bi ta kan mai unguwa ba, ta zube gaban Shatu ta shimfiɗe 'yar a ƙasa ta kama ƙafafun tsohuwar.

"Inna Shatu, ke kika yi mini wankan jegonta. Don Allah, don Annabi, ki sakar mini ita. Ban ce kin yi da gangan ba. Ki dai sake ta."

Shatu ta kai hannu za ta taɓa goshin yarinyar, mutane suka yi ihu, ta janye. Ko ba ta taɓa ba, zafin jikin yana bugowa. Duk wanda ya yi damina a ƙasar nan ya san wannan zazzaɓin, ya kuma san ba ya jira a gama shari'a. Mai unguwa ya ce a kai ta asibiti, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da shawarar da ya san ba za a ɗauka ba. Halliru ya girgiza kai ya ce sai an tsallake.

Shatu ta dafa ƙasa ta miƙe.

"Halliru, in na tsallake ta, za ka kai ta asibiti?"

"In kin sake ta, ko Kano ne zan kai ta."

"To a tayar da babur tukuna. In ji ƙararsa."

Ikilima ta yi kukan kura ta riƙe mata zane. "Inna, kar ki yi! In kika tsallake kin amsa. Ba ke kaɗai ba, ni ma a nono za a ce na sha, da ni da wannan da ke bayana. Wa zai ƙara cin abin hannunmu? Inna, ki dube ni!"

Shatu ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta, ta kuma dubi ɗan da ke barci a bayanta da baki buɗe. Fuskarta ba ta nuna komai ba sai gajiya.

"Na sani," ta ce. "Sakar mini zane."

Wani daga cikin taron ya ce ai bisa al'ada sai ta tuɓe. Nan ne kawai mai unguwa ya tuna shi mai unguwa ne, ya daka tsawa ya ce ba a ƙofarsa ba. Wani saurayi ya taka babur ya tashi. Shatu ta tattare zanenta zuwa ƙwauri, ta ce bismillahi a fili yadda kowa zai ji, ta ɗaga ƙafa ta tsallake yarinyar. Aka ce ta dawo, ta dawo. Aka ce ta ƙara, ta ƙara. Rana ta karkata, inuwarta ta miƙe doguwa a kan yarinyar da uwar da ke durƙushe. Ba wanda ya yi tari.

"Ɗauki 'yarka," ta ce wa Halliru.

Ya sunkuce ta ya haye bayan babur, uwar ta bi su da gudu har wani ya tsaya ya ɗauke ta. Taron ya fara watsewa, kowa na faɗa wa na kusa da shi cewa dama shi ya daɗe da zargi. Shatu ta kama hanyar gidanta, wanda ƙofarsa ke kallon darbejiyar. Ba wanda ya ce mata ci kanki. Hanya kawai aka buɗe mata, mai faɗi, yadda ko gefen zanenta ba zai taɓa kowa ba.

Musaddiƙ ya matso kusa da Daudu. Idonsa na ƙyalli a bayan tabarau.

"Ka ga yadda hasken ya faɗo a kanta?" ya ce a hankali. "Kash. Da na zo da kyamara."

Daudu ya juyo da niyyar ya wanke shi tas, ya gaya masa abin da tun daga Kazaure yake cinsa, cewa bai taɓa ganin wofin mutum irinsa ba. Sai dai kafin ya buɗe baki ya ji leɓensa a gajiye, kamar wanda ya jima yana motsi. Tun lokacin da ta ɗaga ƙafa yake jera mata magana a ƙasa-ƙasa, da siririyar muryar nan mai karkarwa, kuma maganar ta zauna daram a kan kowane taku. Ya haɗiye abin da ya yi niyyar faɗa, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallo.

A ƙofar gidan akwai ɗan teburi da kwalaben man gyaɗa a jere, da farantin ƙuli-ƙuli an rufe da leda. Shatu ta tsaya ta gyara murfin wata kwalba da ya karkace. Ikilima na bayanta tana share ido da gefen hijabi.

"Shiga da su ciki," in ji Shatu. "Teburin ma ki ɗauke, kar ruwa ya ɓata shi a banza."